Yini ɗaya a Alkahira tare da dattijo: dala za mu je ko tsohon birni?

Abu Safiyya, Ƙofar Sauri, Katsina

Assalamu alaikum warahmatullah. Ina neman shawarar waɗanda suka san birnin Alkahira, musamman 'yan'uwanmu da suka yi karatu a can ko suka taɓa raka mara lafiya. Idan Allah ya kai mu watan gobe zan raka mahaifina ganin likitan ido, kuma a tsarin da aka aiko mana akwai yini guda da ba mu da abin yi a asibiti, tsakanin gwaje-gwaje da ranar da za a yi masa aiki. Baba ya haura shekara saba'in, yana dogara sanda saboda ciwon gwiwa, amma kuzarinsa yana nan, kuma tun da aka fara maganar tafiyar ya ce ba zai yarda ya je Masar ya dawo bai ga komai ba sai bangon asibiti da ɗakin masauki.

Masaukin da za mu sauka ya aiko mana da tsarin zagaye na yini ɗaya, da mota da direba da ɗan jagora. Za a fara da dalar Giza da safe, a wuce gidan adana kayan tarihi, daga nan a hau ganuwar Salahuddin, a ƙare a kasuwar Khanul Khalili kafin magariba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne Baba malamin zaure ne, fiƙihu yake karantarwa tun kafin a haife ni, kuma wuraren da yake ambata su ne masallacin Azhar da hubbaren Imamu Shafi'i, waɗanda babu ko ɗaya a cikin wannan tsari. Ni kuwa ba zan ɓoye ba, raina yana son ganin dala da gawar Fir'auna da muke jin labari tun muna yara.

Shin yini ɗaya zai ɗauki duka biyun ba tare da an galabaitar da dattijo ba? Kuma tunda Baba yana jin Larabci sosai, akwai buƙatar ɗaukar ɗan jagora, ko direba kawai ya wadatar? Idan akwai buƙata, ta yaya ake gane na kirki? Allah ya saka da alheri.

Baban Khalifa, Daura

Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, ya sa a yi aikin cikin nasara. Ni shawarata kada ku bar dala. Masallatai masu kyau da girma ana ganinsu a ƙasashe da yawa, amma abin da ke Giza babu irinsa a ko'ina, kuma ba kullum ake samun hanyar zuwa Masar ba. Babbar dalar, ta sarki Khufu, ta kai shekara 4,500 da ginawa, tsawonta na asali mita 146 ne, kuma an ƙiyasta duwatsun da ke cikinta sun haura miliyan 2. Hoto ba ya nuna gaskiyar abin. Sai mutum ya tsaya a gindinta ya ga dutse ɗaya na layin ƙasa ya kai masa ƙirji, ya ɗaga kai ya ga layuka suna hawa har wuyansa ya gaji, sannan zai san cewa mutanen da suka yi wannan sun yi ƙarfi a bayan ƙasa, kuma ga shi babu su babu mulkinsu. Malami irin Baba, wanda ya san ayoyin da suka yi umarni a yi tafiya cikin ƙasa a duba ƙarshen waɗanda suka gabata, ina ganin zai fi kowa amfana da tsayuwa a wurin.

Sai dai ku je da sassafe, da zarar an buɗe ƙofa, kafin rana ta take da kuma kafin manyan motocin 'yan yawon buɗe ido su cika wurin. Kada ku yarda Baba ya shiga cikin dalar ko da ya nuna sha'awa. Tikitinta daban ne, hanyar ƙunci gare ta, a sunkuye ake hawa wani sashe nata cikin zafi da ƙarancin iska, kuma abin da ke ƙarshenta ɗaki ne da akwatin dutse wanda babu komai a ciki. Masu raƙuma da dawakai za su taso muku da fara'a, wani ya ɗora maka rawani a ka ya ce kyauta ce, amma babu kyauta a wurin. Duk abin da ba ku yi cinikinsa a fili tun farko ba, ku bar shi.

Game da ɗan jagora, a Giza yana da amfani ko don ya tare muku masu talla. Amma ku faɗa masa tun a mota cewa ba ku son a tsaya da ku a shagon turare ko na takardar zanen Fir'auna. Yawancinsu suna da la'ada a kan duk abin da baƙo ya saya, kuma sa'a guda takan tafi a wurin shan shayi da kallon kwalabe, alhali ita ce sa'ar da kuka fi buƙata.

Tsohon ɗalibin Azhar, Rafindadi, Katsina

Malam Abu Safiyya, Allah ya ƙara wa Baba lafiya da nisan kwana. Duk abin da Baban Khalifa ya faɗa game da Giza gaskiya ne, amma ina neman afuwarsa, ban bi shi a kan zaɓin ba. Tsarin da masauki ya aiko muku shi ne wanda ake sayar wa kowane baƙo daga Turai ko Amurka, an gina shi a kan abin da su suke zuwa nema. Giza tana yammacin kogin Nilu a bakin hamada, tsohon birni yana gabas, kuma cunkoson Alkahira ba ya barin a tsallaka tsakaninsu yadda aka rubuta a takarda. Matashi mai lafiya yana iya yin wurare huɗun nan a guje, ya dawo da hotuna. Dattijo mai sanda, wanda aikin ido ke jiransa, zai ƙare yininsa ne tsakanin hawa mota da sauka. Yinin nan na Baba ne, kuma Baba ya riga ya faɗi abin da yake so.

Akwai kuma abin da 'yan jagora ba za su gaya muku ba domin ba a koya musu shi ba, wato cewa Bakatsine ba baƙo ne a tarihin wannan birni ba. A ƙarshen ƙarni na 15 Imamu Jalaluddin Suyuɗi ya rubuta wasiƙar nasiha daga Alkahira zuwa ga sarakunan ƙasashenmu, kuma ya ambaci Ibrahim sarkin Katsina da sunansa a cikinta. Suyuɗi ya rasu a 1505, kabarinsa yana Ƙarafa, kusa da gindin ganuwar Salahuddin. Bayansa da fiye da shekara 200, wani malami ɗan Katsina, Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashnawi, masanin lissafi da taurari da hatimi, ya yi aikin hajji ya biyo ta Alkahira ya zauna a gidan Hasan al-Jabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar, kuma a nan ya rasu a 1741. A cikin Azhar kanta akwai ɓangaren kwanan ɗalibai da aka san shi da sunan Barnawa, inda ɗalibai daga Borno da maƙwabtanta suke sauka. Shehu Halilu, wanda Baba yake karantar da Mukhtasar ɗinsa a zaure, mutumin Alkahira ne, kuma masallacin Shehu Dardiri, wanda ya yi masa sharhi ya rasu a 1786, yana cikin lungun da ke bayan Azhar, tafiyar 'yan mintuna da ƙafa. Ban san abin da zai faranta wa malamin fiƙihun Malikiyya rai fiye da a kai shi nan ba.

Da ni ne zan tsara, daga kudu zan faro in yi arewa, domin haka birnin ya girma kuma haka hanyar ta miƙe. A fara da Fusɗaɗ, inda sahabi Amru ɗan Asi ya kafa sansaninsa bayan buɗe Masar, ya gina masallacin farko a ƙasar wajen shekara ta 642. Ginin da ke tsaye yanzu ba na zamaninsa ba ne, an rushe an sake, an faɗaɗa sau da dama, amma wurin shi ne wurin, kuma shimfiɗaɗɗe ne mai sauƙin shiga. Kusa da shi akwai gidan tarihin wayewar Masar, inda a watan Afrilu na 2021 aka mayar da gawarwakin sarakuna 22, maza 18 da mata 4, daga tsohon gidan tarihi na dandalin Tahrir. To ka ga naka burin na ganin gawar Fir'auna ya cika ba tare da an tsallaka kogi ba. Zauren gawarwakin yana ƙarƙashin ƙasa, da ɗan duhu, ba a ɗaukar hoto, kuma za ka ga Ramsis na Biyu kwance a cikin gilashi, da gashinsa da farcensa da ƙoƙon hancinsa. Ina roƙon ka da abu guda a nan. Wataƙila ɗan jagora ya nuna maka shi ko ɗansa Marnabtah ya ce ga Fir'aunan Annabi Musa, alaihis salam, domin ya san abin da Musulmi yake son ji ke nan. Masana tarihi ba su haɗu a kan wane ne ba, Alƙur'ani kuma bai ambaci sunansa ba, saboda haka kada a dawo gida ana ba da labarin zato a matsayin tabbas. Haka nan sarakunan da suka gina dalar Giza sun riga Ramsis da fiye da shekara 1,000.

Daga nan hubbaren Imamu Shafi'i ba nisa. Ya rasu a shekara ta 204 bayan hijira, wato 820, kuma ƙubbar da ke kansa sarki al-Kamil na gidan Ayyubawa ne ya gina ta a 1211. Kafin ku shiga ka nuna wa Baba ƙololuwarta, zai ga ɗan ƙaramin jirgin ruwa na ƙarfe a kafe a sama. A ciki kuma akwai akwatin katako da aka sassaƙa tun zamanin Salahuddin, aikin hannu ne da ido ba ya gajiya da shi. Kabarin Laisu ɗan Sa'adu, babban malamin fiƙihu na Masar, yana nan kusa. Ayyukan hanyoyi sun taɓa sassan Ƙarafa a 'yan shekarun nan, don haka direba ya tambayi hanyar da ke buɗe kafin ku taso.

Idan ƙarfin Baba ya ba da dama, wuri na gaba shi ne makarantar Sultan Hasan, wadda aka gina tsakanin 1356 da 1363. A wurina babu gini a Alkahira da ya kai ta kwarjini. Ana shiga ta wani dogon soro mai duhu da lanƙwasa, sai kwatsam a fito tsakar gida mai haske, da wurin alwala a tsakiya da manyan rumfuna huɗu suna fuskantar juna, kuma a kusurwoyi huɗun akwai makarantu na mazhabobi huɗu, kowace da ƙofarta, har da ta Malikiyya. Akwai matakala a bakin ƙofa, a hau a hankali. Ganuwar Salahuddin, wadda aka fara ginawa a 1176, tana sama da ku daga nan, da ƙubbobin masallacin Muhammadu Ali a kanta. Ganinta daga ƙasa ya isa, domin hawanta wahala ce ga mai ciwon gwiwa. Masallacin Ibnu Ɗulun, wanda aka gama a 879, yana kusa, da hasumiyarsa mai matakala ta waje da ke zagaye ta. Duk wanda ya tashi yana ganin hasumiyar Gobarau zai so ya tsaya a gabanta, amma idan lokaci ya ƙure shi ne zan fara cirewa.

A ƙare a Azhar da la'asar. Jauhar, kwamandan Faɗimiyyawa da ya kafa Alkahira a 969, shi ne ya fara gina masallacin a 970, aka fara salla a cikinsa a 972. Ku yi salla, ku zauna a farfajiyar farin marmara, ku bar Baba ya ga halƙoƙin karatu a jikin ginshiƙai, malami a kan kujera ɗalibai sun kewaye shi da littattafai, abin da ya sani sarai. 'Yan Najeriya suna da yawa a unguwar, da wuya ku zauna ba ku ji Hausa ba.

Larabcin Baba zai yi masa aiki a masallatai da wurin malamai, amma na kan titi daban ne, da sauri suke yi kuma da nasu kalmomi, saboda haka ina ganin a ɗauki ɗan jagora. A nemi mai katin izini daga ma'aikatar yawon buɗe ido da kayan tarihi, a ce ana son wanda ya ƙware a tarihin Musulunci, domin da yawansu ƙwarewarsu a zamanin Fir'aunoni take. A rubuta masa jerin wuraren tun kafin ranar, a amince da kuɗin, a kuma fayyace ko tikiti yana ciki ko ba ya ciki.

Hajiya Maman Ummi, Daura

Ɗana Abu Safiyya, sannu da ƙoƙari, Allah ya yi maka albarka yadda kake kula da mahaifinka. Malamai sun yi bayanin tarihi, ni a kan jikin dattijo zan yi magana, domin na raka maigidana irin wannan tafiya kuma na ga abin da yake gajiyar da tsoho.

Kafin komai ka tambayi likita ko ya yarda a fita da shi a wannan yinin. Mai jiran aikin ido ana iya ɗiga masa maganin da ke sa haske ya dame shi, kuma Giza fili ne fetal, ga rana ga ƙura ga iska. Wannan kaɗai ya sa na fi karkata ga shawarar Malam na Rafindadi, domin masallatai akwai inuwa, akwai wurin zama, akwai wurin alwala. Amma ko nasa jerin ya yi yawa a ganina. Wuri uku ya ishi mai shekara saba'in, na huɗu sai idan shi da kansa ya nema. Dattawanmu ba sa cewa sun gaji, musamman a gaban baƙo, kai ne za ka riƙa duban tafiyarsa da yadda yake jingina da sanda, ka ce a huta kafin ya kai ga nema.

Ka sa masa takalmi mai sauƙin cirewa, domin a kowane masallaci sai an cire, kuma ka riƙe 'yar jaka ku zuba naku a ciki. Idan kun bar su wurin mai tsaron takalma, ana ba shi ɗan tukuici, don haka ka tanadi canjin ƙananan kuɗin Masar tun daga masauki. Tikitin manyan wuraren tarihi kuwa yanzu da katin banki ake biyan yawancinsu, ka tabbata kana da katin da ke aiki a can ko ka sa ɗan jagora ya saya. Tsakanin Azhar da masallacin Husaini, wanda kasuwar Khanul Khalili take gefensa, akwai babban titi, ana bi ta ƙarƙashin ƙasa ne a tsallaka, da matakala a sauka da matakala a hau, ka san da wannan kafin ka ce za ku leƙa kasuwa. Ita kasuwar Khanul Khalili lunguna ne masu matsi da turereniya, idan tsaraba kake so ka zaunar da Baba a masallaci tare da ɗan jagora, ka je kai kaɗai, kuma duk kuɗin da aka fara faɗa maka ka taya ƙasa sosai.

Abinci kuma kada a yi masa gwaji a wannan rana. Akwai wake da burodi, akwai gasasshiyar kaza da shinkafa, akwai zoɓo mai sanyi ko mai zafi kusan ko'ina, waɗannan ba za su ba shi matsala ba. Ruwa kuwa, na gora kawai za ku sha. Idan tafiyar ta faɗo a lokacin sanyinsu, daga Disamba zuwa Fabrairu, ka ɗaukar masa rigar sanyi da safa, domin marmaran masallatai yana ɗaukar sanyi sosai.

Abu Safiyya, Ƙofar Sauri, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Baba amsoshinku bayan sallar isha'i, kuma da na zo kan Shehu Dardiri sai ya sa na maimaita, ya ce in dai za a kai shi nan da wurin Imamu Shafi'i, sauran duk ƙari ne. Mun tsaya a kan Fusɗaɗ da gidan gawarwakin, sai hubbaren Shafi'i, sai Azhar, kamar yadda Hajiya ta rage mana. Baban Khalifa, ban yar da shawararka ba. Idan aka yi aiki lafiya Baba yana hutawa, ƙanena da zai biyo mu zai zauna da shi, ni in je Giza da sassafe in dawo kafin azahar. Sai dai yanzu na duba takardar asibiti na ga yinin da muke da shi Juma'a ne. Malam na Rafindadi, wannan zai ɓata tsarin ko zai gyara shi?

Tsohon ɗalibin Azhar, Rafindadi, Katsina

Zai gyara shi, in sha Allahu, amma sai an juya shi kaɗan. Juma'a ranar hutu ce a Masar, kuma da safenta titunan Alkahira suna sakin jiki fiye da kowace rana, saboda haka ku fito da wuri ku fara da hubbaren Imamu Shafi'i, ku shiga gidan tarihin da zarar an buɗe, kada ku wuce sa'a guda a ciki. Daga nan ku miƙe Azhar ku isa tun da sauran lokaci kafin kiran salla, domin masallacin yana cika maƙil kuma motoci ba sa samun matsowa kusa idan jama'a ta taru. Ka nema wa Baba wuri a jikin ginshiƙi ko bango inda zai jingina, ka roƙi masu hidimar masallaci kujera idan zama a ƙasa yana ba shi wahala. Ku yi alwala tun kafin ku iso, saboda layin wurin alwala yana tsawo a ranar.

Bayan an sallame kada ku yi gaggawar fita cikin turmutsutsu. Ku jira jama'a ta ragu, sannan ku bi lungun baya zuwa masallacin Dardiri, ku ci abinci a nan unguwar. Masallacin Amru ɗan Asi sai ku mayar da shi na la'asar idan Baba yana da sauran ƙarfi, tunda shi masallaci ne da ake salloli biyar a cikinsa, ba ya bin lokacin rufe gidajen tarihi. Ka sanar da ɗan jagora tun yanzu cewa za ku tsaya Juma'a a Azhar, domin ya san inda direba zai ajiye mota da inda za ku haɗu bayan salla, ka kuma karɓi lambar wayar direban da kanka kafin ku sauka.